Hausar Nima: Harshe Kan Buɗe Ƙofa, Amma Amana Ke Ba Da Masauki

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Legas zuwa Akara, babban birnin ƙasar Gana, ya san abin da ake kira gajiya. Daga Seme ka faɗa Kwatano, ka ƙetare zuwa Lome, sannan ka iso Aflawo. Iyaka uku ke nan, kuɗin aljihunka kuma ya tashi daga naira ya koma sefa, daga sefa ya koma sidi. Amma ranar da na sauka unguwar Nima da asuba, abin da ya fara shiga kunnena bayan kiran salla shi ne muryar wata mai koko da ƙosai tana yi mini sannu da zuwa da Hausa. Nan take na ji kamar a Fagge nake.

Sai dai fa, mai karatu, Hausar can tana da nata salo. Inda mu za mu ce kyau, su "cau" za ka ji. Ƙ da k duk ɗaya ne a bakin da yawansu, kuma ba su cika raba namiji da mace ba, har mutum ya gaya maka matarsa "ya tafi" kasuwa. Da na fara jin haka a wata majalisa a Mamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima, sai dariya ta kuɓuce mini. Wani dattijo ya bari na gama, sannan ya tambaye ni harshe nawa nake ji. Na ce biyu. Ya lissafa nasa guda biyar, ya kuma shaida mini cewa shi ba Bahaushe ba ne, Bakotokole ne, Hausa ya tsince ta ne a tsakar gida da makarantar allo. Wallahi kunya ta kama ni, domin ashe baƙo ne yake yi wa masu masauki dariya.

Gaskiyar magana, a zango Hausa ta kowa ce. Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Fulani da Wangarawa da Yarbawa, da ita suke ciniki, da ita ake fassara huɗuba da tafsirin azumi a masallatai da dama. Ta ma wuce zangon: shinkafa da waken da duk Gana ke ci sunansa "waace", daga wake, akwai tuwon zafi, akwai fura, su kuma mata masu dako ana kiransu "kayaye", daga kaya.

Wannan kuwa ba jiya aka fara ba. Kakanninmu fatake sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, su kai natiron da tufafi da fatu kasuwar Salaga su sayo goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne 'yan kasuwa suka watsu zuwa wasu garuruwa, zanguna suka ƙara yawa. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Kete Karaci ya rasu a 1934. Ita Nima kuwa, tarihinta na komawa ga Malam Amadu Futa, wani Bafulatani da ya sami fili daga hannun 'yan ƙabilar Ga a farkon shekarun 1930. Wato tun tushe, amana ce tsakanin mai ƙasa da baƙo ta kafa unguwar.

Wannan zaman tare yana nan a aikace. A watan Afrilun 2019, Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, lokacin da ya cika shekara 100, ya kai ziyara cocin Katolika na Christ the King a ranar Ista, abin da duniya ta yi ta magana a kai. A 2021 kuma aka buɗe babban masallacin ƙasa a Kanda, gab da Nima, wanda Turkawa suka gina. Na yi Juma'a a can, na fito na tarar da Kiristoci maƙwabta suna harkokinsu, ba mai harara.

To amma ina jan hankalin 'yan uwana 'yan kasuwa, kada daɗin harshe ya sa mu manta mu baƙi ne. A watan Nuwambar 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice, mutane masu ɗimbin yawa suka bar gidaje da shaguna, har da waɗanda a can aka haife su. A 1983 Nijeriya ta yi irin nata, a zamanin Shagari, har jakar nan ta samo sunan "Gana mos go". Ko a 2019 da 2020 an rufe shagunan 'yan Nijeriya a Akara da Kumashi, bisa dokar 2013 da ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwanni ga 'yan ƙasa. Masu kawo albasa daga Nijar su ma sun ga sauyi a 2021, da aka tashe su daga Agbogbuloshi aka mayar da su Ajen Kotoku a wajen gari. Ga shi kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka kafin ka ɗora kaya, tambayi halin da iyaka take ciki.

Saboda haka idan Allah Ya kai ka Nima, ka riƙe abu uku: takardunka su cika, ka nemi mai gida na ƙwarai wanda zai tsaya maka wajen ciniki da bashi, kuma kada ka gyara wa kowa Hausarsa. Wanda ya ce maka "ya yi cau" ya riga ya karɓe ka. Saura kai ka nuna ka cancanta.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa mu mayar da amana ga masu ita. Amin.