Ayarin babura ta hanyar daji: abin da ya kamata a shirya kafin a tsallaka iyaka

Sanin kowa ne cewa daga ƙarshen kaka har zuwa faɗuwar ruwa, babur ne jakin 'yan kasuwar bakin iyakar Nijar da Nijeriya. Duk ranar Alhamis ana ganin mutanen ƙasar Damagaram sun yi jerin gwano sun nufi kasuwar Maigatari, ranar Lahadi kuwa sai Mai'aduwa ko Jibiya ko Illela, kuma da yawa daga cikinsu ba sa hawa kwalta sai a ƙarshen tafiya, domin ƙauyukansu ba su san kwalta ba. To amma tafiyar mutum ɗaya daban, tafiyar mutum goma ko ashirin a kan babura cikin daji ita ma daban, musamman a wannan zamani da ayarin babura ya zama abin da ke tayar wa jama'a hankali.

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa tashi kara zube ba. Kowane ayari yana da madugu mai yanke magana, da jagaba wanda ya san hanya, da uban dawaki mai tattara kuɗin fito. Ayarin babura ma haka yake bukata. A zaɓi mutum guda wanda shi kaɗai zai yi magana da jandarma ko ɗan kwastan, don babu abin da ke ɓata lamari a shinge kamar mutum bakwai su buɗe baki lokaci ɗaya. A sa wanda ya san hanya a gaba, makanike kuma a can baya, saboda duk wanda babur ɗinsa ya lalace makaniken zai tarar da shi. Kuɗin mai da na faci da na abinci a haɗa su tun daga gida a hannun ma'aji, rabi sefa rabi naira.

Babban abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, bin hanyar daji ba laifi ba ne, tsallaka iyaka ta ɓarauniyar hanya shi ne laifi. Iyakar ƙasashen biyu ta kai kusan kilomita 1,500, kuma a wurare da dama gonar gero ce kawai ta raba su, ta yadda mutum zai shiga wata ƙasa bai ma sani ba. Saboda haka a tsara tafiyar ta yadda ko ta ina aka ratso za a ɓullo a ƙofar hukuma: Ɗan Isa zuwa Magamar Jibiya, ko Ɗan Barto zuwa Kongolam, ko Tinkim zuwa Babban Mutum, ko Birnin Ƙonni zuwa Illela. Wanda ya kauce wa ƙofa don gudun ɓata minti talatin, in aka kama shi a daji ɗan fasa-ƙwauri za a kira shi ko da buhu ɗaya bai ɗauko ba, babur ɗin ma sai ya sha wuya kafin ya karɓo shi.

Maganar takardu ta canza a 'yan shekarun nan. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, sai dai a ranar CEDEAO ta ba da sanarwar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan waɗannan ƙasashe, su kuma ci gaba da shige da fice ba biza har zuwa wata sanarwar. Ke nan kowane mahayi ya riƙe katin shaidarsa, da lasin tuƙi, da takardar mallakar babur, da rasiɗin saye, da katin allurar shawara. Mai babur ɗin aro ya karɓi rubutacciyar takarda daga mai shi. Game da inshora kuwa, a sa kamfanin ya nuna a rubuce ƙasashen da takardar ke aiki a cikinsu.

Hasali ma, kafin a sa rana sai a tambayi halin da ƙofar take ciki a makon. Nijeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, ta buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibiya kuwa sai a Afrilun 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, ba a buɗe ba sai a Maris ɗin 2024. Haka nan dokar hana hawan babur: an kafa ta a jihar Diffa a 2015, aka kafa a yankunan Tillaberi a farkon 2020, jihohin Katsina da Zamfara su ma a 2021 sun taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka, har aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi. Irin waɗannan dokoki dare ɗaya suke sauka, labarin watan jiya ba ya amfani.

Nan ne kuma rai yake shiga cikin maganar. 'Yan bindiga a kan babura suke tafiya, goyon biyu goyon uku, fuska a rufe. Mutanen ƙauye da 'yan banga da sojoji duk sun san wannan kama, kuma ba kowa ke tsayawa tambaya ba idan ya hango ƙura ta taso. Don haka ayarin da ya wuce babura biyar ko shida a raba shi, a bar tazarar minti goma tsakani. Kada a yi goyon uku. A kwance rawani ko takunkumin ƙura tun kafin a isa gari ko shinge, a rage gudu, a yi sallama. Madugu ya buga wa wani sananne a garin da ke gaba waya ya shaida wa mai gari cewa baƙi na tafe, su nawa ne, kuma ina suka nufa. A tashi bayan gari ya waye sarai, a sauka kafin la'asar sakaliya. Dajin Rugu da dajin Baban Rafi da ke kudancin Maraɗi kuwa, a ganina babu cinikin da ya kai a ratsa su. A kewaya ta kwalta.

Shi kansa babur ɗin, Boxer ne ko Kasea ko Haojue, yashi na cin mai fiye da kwalta nesa ba kusa ba. A cika tanki a tsara inda za a ƙara a hanya, kada a ɗauki jarka a tsallaka da ita, domin 'yan kwastan sumoga za su lissafa ta. A ɗan rage iskar taya idan an shiga rairayi, a mayar da ita in an hau tsandauri. Ƙayar aduwa da tushiyar kara bayan girbi su ne ke fasa taya, sai a tanadi tib biyu, kayan faci, famfo, fulogi, wayar kuloci da sifana. Lokacin hunturu a wanke soson iska kafin a juyo gida, in ba haka ba injin zai riƙa shaƙewa a hanya. Kowa ya ɗauki ruwan shansa a jikin babur ɗinsa, a kuma samu aƙalla mutum biyu masu layin waya na kowace ƙasa, ba dukansu a rukuni ɗaya ba.