Rabi Da Sulusi Na Kayar Da Manya A Jami'a

Tun da aka farfaɗo da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Nijeriya cikin 2002, bayan dakatar da ita da aka yi cikin 1984, ma'aikata masu yawa sun sami hanyar komawa karatu ba tare da sun bar aiki ba. Akwai malaman firamare, da akawuna, da 'yan sanda, waɗansunsu sun shekara goma ko fiye rabonsu da aji. Waɗanda suka zaɓi fannin kimiyya kuwa tilas ne su zauna jarrabawar lissafi tun shekarar farko, nan ne kuma ake yin ta.

Abin mamaki, ba sabon darasin ne yake kayar da su ba. Mutum ya kan gane bayanin malami sarai a kan kalkulas, ya bi ƙa'ida daidai, amma da ya zo layin ƙarshe, inda za a haɗa 1/2 da 1/3, sai ya rubuta 2/5, watau ya tara lambobin sama da juna, na ƙasa da juna. Ga shi kuwa 2/5 bai kai ko rabin da aka fara da shi ba. A aljabara haka nan: sai ya ɗauka (a + b)² daidai yake da a² + b². Da zai gwada da 3 da 4, da ya ga ɗaya 49 ne, ɗayan 25.

Dalilin a fili yake. An koya wa yawancinsu ƙa'idodin nan ta hadda, ba a nuna musu mafarinsu ba, abin da aka haddace ba a gane ba kuwa shi ke fara gudu. Ga na'urar lissafi ta ɗauke wa hannu aiki. Ga kuma kunya: magidanci mai 'ya'ya a sakandare da wuya ya ɗaga hannu ya ce bai san tara rabi da sulusi ba. Sai ya yi shiru ya faɗi, ya sake biyan kuɗin darasi, ƙarin girman da yake nema a wurin aiki ya daɗa nisa.

Alhali kuwa lissafin nan ba baƙo ba ne a gare mu. In mace ta rasu ta bar miji da uwa da baffa, miji yana da rabi, uwa sulusi. Malamin zaure ba ya ruɗewa. Sai ya nemi asalin mas'ala, ya kasa dukiya gida 6, ya ba miji 3, uwa 2, saura 1 na baffa. Ashe rabi da sulusi 5/6 ke nan, abin da littafin boko yake nufi ke nan da daidaita lambobin ƙasa. Ita kanta kalmar aljabara daga sunan littafin Alhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban sashensa kuma a kan wasiyya da rabon gado yake.

Saboda haka mai niyyar komawa jami'a ya kamata ya ajiye girman kai, ya ari littafin ƙaramar sakandare wurin ɗansa tun kafin a buɗe makaranta, ya riƙa yin ƙididdiga kaɗan kullum bayan asuba, da fensir, ba da na'ura ba. Kowace ƙa'ida ya yi shakka a kanta, ya cire haruffan ya sa ƙananan lambobi, ya ga ko ɓangarorin biyu sun zo ɗaya. Jami'o'i su ma ya kyautu su gwada sababbin ɗalibansu a makon farko, su ware wa masu rauni aji na musamman kafin a shiga kalkulas.