RUWAN SAMA DA MASUNTAN BAKIN TEKU

Mu da muka saba yin murna in hadari ya taso, da wuya mu yarda ruwan sama yana jawo wa masunci hasara. Amma haka al'amarin yake a bakin teku.

Cikin watan Agusta na 2017 wata babbar guguwa mai suna Harvey ta faɗa wa Jihar Texas ta ƙasar Amurka. A garin Nederland an auna ruwa fiye da inci 60 cikin 'yan kwanaki. Ambaliya ta bi koguna ta kwarara cikin mashigin teku na Galveston, har gishirin ruwan wurin ya kusa ƙarewa, aka yi makonni bai komo ba.

To, kifayen da ba su jure wa ruwan daɗi sai su gudu zuwa zurfi, inda gishiri ya saura. Kawa kuwa a manne take, ba ta da halin gudu, saboda haka ta mutu da yawa, masu kamunta suka tafka hasara.

Ban da wannan, ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, watau bisansa yake shimfiɗuwa, ya hana iska isa ƙasa. Takin gonaki da ya kwaso kuma ya haifar da gansakuka, in ta ruɓe ta cinye sauran iskar da kifi ke shaƙa.

Ashe abin da tudu ya zubar, masuncin bakin teku ne ke ɗaukar nauyinsa.