Launi Ɗaya Kowace Rana

Sau da yawa yaro yakan zauna gaban takarda, ya rasa abin da zai zana. Maganin wannan shi ne ya zaɓi launi ɗaya kowace safiya. In ja ne, sai ya zana barkono. In shuɗi ne, ya zana rigar da aka rina a marinar Ƙofar Mata ta Kano.

Ba sai an sayi fenti ba. Gawayi yana ba da baƙi, ruwan baba shuɗi, gangamau rawaya, karan dafi ja. In aka gauraya shuɗi da rawaya, sai a sami kore.

Ko zanen ya karkace ba laifi, gama wasa ne. Yau da gobe hannun yaro zai faɗa.