Sauya tsari da sake tayar da uwar na'ura: misalin Jenkins

0. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba dalilin da ya sa gyaran da aka yi wa uwar na'ura yakan ɓata, ko ya ƙi aiki. Mun ɗauki misalin Jenkins, manhajar da ke harhaɗa aikin masu rubuta manhaja, ta gwada shi duk lokacin da wani ya kawo sauyi. Wannan shi ake kira intégration continue da faransanci. Kohsuke Kawaguchi ya fara ta da sunan Hudson a kamfanin Sun. A 2011, bayan saɓani da Oracle, ta koma Jenkins.

1. Tsari biyu ne, ba ɗaya ba

Jenkins tana ajiye tsarinta a kan faifai, cikin fayil irin su config.xml. In ta tashi sai ta karanta su, ta riƙe cikin ƙwaƙwalwa, kuma da abin da ta riƙe take aiki. Ke nan wanda ya gyara fayil da hannu bai sauya komi ba tukuna. Mafi muni, in wani ya adana sauyi ta allon Jenkins kafin a sake karanta faifan, abin da ke ƙwaƙwalwa zai danne gyaran, ya shafe shi.

2. Ire-iren sauyi

Mun kasa su gida uku:

2.1. Sauyin da aka yi ta allo: yana aiki nan take.

2.2. Sauyin fayil da hannu: sai an umurci Jenkins ta sake karanta faifai.

2.3. Sauyin yadda ake tayar da ita, kamar yawan ƙwaƙwalwar Java ko ƙofar 8080: sai an kashe an sake tayarwa. Tun fitowa ta 2.332.1, a watan Maris 2022, systemd ne ke kula da wannan a Linux. Ana gyara da systemctl edit jenkins. Tsohon fayil /etc/default/jenkins ba a karanta shi kuma.

3. Sake tayarwa

Umurnin restart ba ya jiran kowa, yana iya katse aiki a tsakiya. Shi kuwa safeRestart yakan hana sabon aiki farawa, ya jira na hannu. In da systemctl za a tayar, ya kamata a fara da quietDown, a bari ayyuka su ƙare.

Akwai kuma tayarwar da ba mu zaɓa ba, wato ɗaukewar wuta. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har da ta layin Birnin Kabi zuwa Doso da Yamai. A irin wannan hali, duk gyaran da aka manta a faifai zai fara aiki gaba ɗaya in na'ura ta tashi, ba wanda ya san wane ne ya kawo matsala.

4. Kammalawa

Shawararmu huɗu ce: a yi sauyi ɗaya-ɗaya, a gwada kowane ta hanyar sake tayarwa, a kwafe JENKINS_HOME kafin a taɓa komi, a rubuta tsari cikin fayil na YAML a ajiye a Git, kamar yadda Configuration as Code ya ba da dama tun 2018. Ta haka, in an koma baya, za a san abin da aka sauya, da ranar, da wanda ya sauya shi.