Yadda ake haɗa wutsiya da tayar baya a ƙaramin jirgin sama mai rimot

Wanda ya fara haɗa ƙaramin jirgin sama mai rimot, hankalinsa ya fi tafiya kan inji da fukafukai. Sai dai jirgi na iya samun inji lafiyayye, amma ya faɗi a tashin farko saboda wutsiyarsa ta karkace da 'yan milimita. Hakan ya faru da jirgin farko da na haɗa da ɗalibaina: aikin mako uku ya tarwatse kafin ya yi minti ɗaya a sama. Ga waɗanda ke jiran wata guda ko fiye kafin kayan gyara su iso daga waje, wannan asara ce babba.

Sassa huɗu na wutsiya

Wutsiyar jirgi tana da allo biyu da ba sa motsi. Allon kwance shi ke hana hancin jirgin rawa sama da ƙasa, allon tsaye kuma ya hana shi kaɗawa hagu da dama. A bayan kowane allo akwai leɓe mai motsi a kan hinji. Leɓen kwance yana ɗaga hanci ko ya sunkuyar da shi, leɓen tsaye yana juya shi. Ƙaramar na'ura da ake kira sarbo ce ke ja da tura kowane leɓe ta hanyar siririyar sandar ƙarfe.

A auna kafin a shafa gam

Da farko a ɗaura fukafukai a jikin jirgin, domin da su za a gwada komai. A zura allon kwance a gurbinsa ba gam, a auna da rula har tsawonsa na hagu da na dama su zo ɗaya. Sannan a kafa allura a tsakiyar gangar jirgin ta gaba, a ɗaura mata zare marar talewa, a ja shi zuwa ƙarshen allon na hagu, a sa alama, a kai shi na dama. Idan alamar ba ta faɗa wuri ɗaya ba, allon ya juya. Daga nan a ja baya kamar mita uku, a durƙusa a dubi jirgin ta baya. Allon kwance ya kamata ya yi daidai da fukafukai, kada gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi. In ya karkace, a goge gurbin da sanfefa kaɗan-kaɗan.

Idan allon yana lulluɓe da leda, dole a cire ta a inda gam zai kama, don gam ba ya riƙe leda. A nan ake yin kuskure mai tsada: reza ta wuce leda ta tsaga katakon balsa, allon kuma ya karye a sama daidai wannan layin. A ja rezar a hankali. Haka kuma, idan leɓen kwance rabi biyu ne da wata lanƙwasasshiyar waya ke haɗawa, a wasu jiragen sai an sa wayar a gurbi kafin a manne allon.

Gam ɗin da ya dace shi ne mai kwalba biyu da ake gaurayawa, na minti 30, ba na minti 5 ba. Zafi yana sa shi saurin daskarewa, don haka a yi aikin da safe ko a inuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a sake duk awon kafin gam ya kama. Bayan ya bushe, a kafa allon tsaye, a dafa sukwayar kafinta a tabbatar ya tsaya digiri 90.

Tayar baya

Ƙaramar tayar baya tana kan wayar ƙarfe da ke ratsa wani maƙali a ƙasan gangar jirgin. A jirage da yawa ana lanƙwasa saman wayar a cusa shi cikin leɓen tsaye, don in leɓen ya juya tayar ta bi shi. Saboda haka a sa wayar kafin a manne hinjin leɓen. Maƙalin ne ya kamata ya ɗauki nauyin sauka. In aka bar nauyin a kan leɓen, hinji zai saki, haƙoran sarbo kuma su kakkarye. A filin ƙwallo mai yashi ko tsakuwa, taya mai ɗan girma da sifirin tsakaninta da leɓen sun fi daɗewa.

Bayan manne hinji, a ja kowane leɓe da ɗan ƙarfi. Gara ya fita a hannu da ya fita a sama.

Nauyi da gwajin ƙarshe

Wutsiya tana nesa da tsakiyar nauyin jirgi, don haka ɗan ƙari a can yana da tasiri. Idan nisanta ya ninka na hanci sau uku, giram 10 na gam da ya yi yawa zai buƙaci giram 30 a gaba. A ɗora jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fukafukai, a inda takardar jirgin ta nuna, yawanci tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gaba. Jirgin da baya ya rinjaya yana da wuyar sarrafawa ƙwarai.

A kunna rimot kafin jirgi. In aka ja sanda baya, leɓen kwance ya tashi sama. In aka tura ta juyawa dama, leɓen tsaye ya tafi dama ga mai kallo daga baya. A tura jirgin a ƙasa, ya tafi miƙe. In ya kauce, a gyara wayar tayar.

Kafin tashi, a nemi sanin dokar ƙasar da ake ciki game da jirage marasa matuƙi, a nisanci filin jirgin sama, barikin soja da taron jama'a.