Idan Maɗigar Jariri Ta Faɗa

Ke uwa, ɗora hannunki a hankali bisa tsakar kan jaririnki. Wurin nan mai laushi da kike jin yana bugawa shi ne maɗiga. Ƙasusuwan kai ne ba su gama haɗuwa ba, kuma yawanci sukan rufe kafin yaro ya cika shekara ɗaya da rabi. Idan jariri yana da lafiya, maɗigarsa tana daidai da sauran kai.

Sau da yawa akan kawo mana yaro a asibiti an shafe masa tsakar kai da ƙullin magani, an ce maɗiga ce ta faɗa ta jawo masa zawo. Wani an danna masa ganɗa da yatsa don a ɗago ta. Wani kuma an kai shi wurin wanzami an cire masa beli. Mun san ƙauna ce ta sa kakanni suke yin haka. Amma zawon ne yake fara zuwa, ya kwashe ruwan jikin yaro, sa'an nan maɗiga ta lotsa, kamar yadda kabewa takan yanƙwane a rana. Abin da aka shafa a waje ba ya mayar da ruwan da ya fita. Ta baki za a mayar da shi.

Kada ki jira sai maɗiga ta faɗa. Tun zawon farko, ki ƙara ba shi nono, dare da rana. Ko kina da sabon ciki, nononki bai lalace ba, kada ki yaye shi yana cikin ciwo. Sai ki nemi garin gishiri da sukari na likita, wanda ake kira SRO. Ki wanke hannu da sabulu, ki zuba ƙunshi guda duka cikin lita guda ta ruwan da aka tafasa ya huce. A cika lita daidai: in ruwan ya kasa, gishirin zai yi wa yaro yawa. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo. Wanda ya fi haka, rabin kofi zuwa kofi guda. A ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan. Nan ne iyaye da yawa suke karaya, domin yaro yakan yi amai, sai a ce cikinsa ya ƙi maganin. Bai ƙi ba. Ki dakata minti 10, ki ci gaba a hankali fiye da dā. Aiki ne mai cin rai, yakan kai dare. Ƴar'uwa ko maƙwabciya ko wata daga zumuntar mata ta karɓe ki, ki ɗan runtsa.

Akwai kuma ƙwayar zinki. Jaririn da bai kai wata 6 ba rabin ƙwaya yake sha a rana, wanda ya wuce haka ƙwaya guda, har kwana 10 zuwa 14. A narka ta cikin cokalin nono ko ruwa. A ƙarasa kwanakin ko zawo ya tsaya, gama tana kare yaro daga komowar ciwon a watannin da ke biye. Yaron da ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi kunu da abin da ya saba. Ƙwayoyin da masu talla suke sayarwa ran kasuwa, ki bar musu abinsu.

Kai kuma maigida, ga naka. Idan yaro ya kasa shan nono, ko yana amayar da kome, ko idanunsa sun zurma, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko akwai jini cikin kashinsa, a ɗaura amalanke ko a nemi babur a lokacin, kada a jira gari ya waye. Haka kuma idan an ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba. Yaro mai tamowa, wanda ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, shi kam a kawo shi tun ranar farko, domin nasa ruwan dabam ne. A yi addu'a kafin a tashi, amma a riƙa ba shi nono da ruwan SRO a kan hanya in yana iya haɗiyewa.

Idan kuwa maɗiga ta kumburo ta yi tauri alhali yaro ba kuka yake yi ba, ga zafin jiki, wannan wata magana ce. Yana iya zama sanƙarau, musamman a watannin rani da bazara. A kawo shi nan take, ko da tsakar dare ne.